Babi na Biyar: Wai Haihuwa Ta Ragu a Duniya, To Mu Me Ake Nufi da Mu?

"In dai haihuwa ce matsala, me ya sa Turawa ke biyan matansu kuɗi don su haihu, mu kuma ake aiko mana da ƙwayoyi da allurai wai mu rage?" Za ka ji wannan tambaya a teburin mai shayi a Kalgo, ka ji ta a rumfar 'yan albasa a Gwandu, ka ji ta a gidan suna bayan an watse an bar dattawa. Wanda ya yi ta kuwa bai yi wauta ba. Rediyo ya saurara, ya ji an ce a Japan ana rufe makarantu don babu yaran da za su shiga, washegari kuma ya ji an ce Najeriya ta yi yawa. Dole ya ce akwai lauje cikin naɗi.

Tambayar tana da 'yan uwa guda biyu da ke biye da ita. In mutane sun yi musu ƙaranci, me ya sa suke korar baƙi? Kuma in yawa abin tsoro ne, me ya sa 'yan siyasarmu ke tayar da jijiyar wuya duk lokacin da aka ambaci ƙidaya? Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya, amma sai mun fara sanin mudun da ake awon da shi.

Lissafin mace ɗaya

Masu ƙidayar jama'a suna haɗa matan ƙasa gaba ɗaya, da mai goma sha biyu da wadda ba ta taɓa ko ɓatan wata ba, su duba 'ya'ya nawa za su faɗa wa kowace mace ɗaya a tsawon shekarunta na haihuwa. In adadin ya kai 2.1, al'umma za ta maye kanta: ɗaya ya tsaya a gurbin uba, ɗaya a gurbin uwa, ɗan abin da ya ɗoru a kai kuma na waɗanda ba za su kai girma ba ne. In ya gaza haka kuma ya daɗe a ƙasa, jama'a za ta fara tsufa, daga baya ta fara raguwa.

A Koriya ta Kudu adadin ya faɗi zuwa 0.72 a 2023. Don a gane girman abin, ɗauki mutum 100, maza 50 mata 50. Za su bar 'ya'ya 36 ne kacal, su kuma 36 ɗin su bar jikoki 13. A Japan, jariran da aka haifa a 2024 ba su kai 700,000 ba, alhali waɗanda suka mutu sun kai miliyan 1.6, kuma akwai gidaje wajen miliyan 9 da babu kowa a cikinsu. Sin, wadda muka taso muna jin ita ce ta fi kowa jama'a, ta fara raguwa a 2022. Italiya ba ta kai 1.2 ba a 2024.

Kada wani ya ce ai wannan cutar waɗanda ba Musulmi ba ce. Turkiyya ta sauka ƙasa da 1.5 a 2024. Iran, wadda matanta ke haihuwar sama da 6 a farkon shekarun 1980, ta sauko zuwa wajen 2 kafin shekara 20 ta cika, yanzu ma ba ta kai 2 ba. Bangaladash ta taso daga kusan 7 ta dawo 2 da ɗoriya. Saudiyya da muke zuwa aikin Hajji ta taɓa haura 7, yau ba ta kai 3 ba.

Mu ma ta fara sauka

Binciken lafiya da gwamnatin Najeriya ke yi gida-gida duk bayan shekara biyar ya nuna 5.7 a 2008, sai 5.5 a 2013, sai 5.3 a 2018, sai 4.8 a na 2023 zuwa 2024. A wannan na ƙarshe, birni 3.9 ne, ƙauye 5.6. Jihar Ribas ta sauka zuwa 2.9, Yobe na kan 7.5. Maƙwabciyarmu Nijar, wadda aka daɗe ana kiranta ta ɗaya a duniya, ta sauko daga 7.6 a 2012 zuwa 6.2 a 2021.

Jihar Kabi kuwa 6.5 aka samu a binciken 2018, Legas 3.4. Mai karatu zai iya cewa to ai ga shi nan, mu ne masu yawan haihuwa. Haka ne. Amma a cikin wannan binciken akwai wani adadin da ba a cika karanta shi a rediyo ba, kuma a ganina shi ne uban sauran.

Ɗaya cikin huɗu

A binciken 2018, cikin kowane yara 1,000 da aka haifa da rai a jihar Kabi, 252 ba su ga shekara biyar ba. Babu jihar da ta kai haka a duk Najeriya, inda matsakaicin ƙasa ya kasance 132. Wato a gidajenmu, cikin yara huɗu da aka yanka wa ragon suna, ɗaya ba zai kai shiga aji ɗaya ba.

Ba sai an faɗa wa matan Gwandu da Kalgo wannan ba, su ne ke ɗauke da shi. Tambayi kowace tsohuwa, "Inna, 'ya'yanki nawa?" Da wuya ta ba ka adadi ɗaya. Za ta ce, "Haihuwa tara, biyar suna nan, huɗu sun koma." Sunaye irin su Ajuji da Ayashe da ake raɗa wa 'ya'yan wabi ba don ado aka ƙirƙiro su ba. Uwa ce ta gaji da binnewa har ta koma yi wa mutuwa dabara, tana nuna kamar ba ta damu da abin da ta haifa ba ko a bar mata shi.

Me ke kashe su? Babba a cikinsu zazzaɓin cizon sauro ne. A binciken maleriya na 2021 an gwada jinin yara 'yan ƙasa da shekara biyar a faɗin ƙasa, aka sami ƙwayar cutar a jikin kashi 22 cikin ɗari. A Kabi kashi 49 ne, kusan rabin yaranmu ke nan, kuma nan ma mu ne kan gaba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Fadamar da ke ba mu shinkafa ita ke ba mu sauro.

Yadda abin ke faruwa kusan iri ɗaya ne a kowane gida. Tsakiyar damina ce, Agusta ko Satumba, rumbu ya yi ƙasa, maigida yana gona tun asuba. Uwa ta taɓa goshin yaro da bayan hannu cikin dare ta ji zafi rau. Da safe aka aiki yayansa kemis da 'yan canji, aka ba shi na rage zafi da rabin maganin zazzaɓi, don kuɗin bai kai na cikakke ba. Yaro ya ɗan warware har ya sha koko, kowa ya ce ai sauƙi ya samu. A rana ta uku sai idanu su juye, jiki ya ɗauki jijjiga. Nan ne za a nemi ɗan kabu-kabu, uwa ta rungume yaro a tsakiya, a ratsa taɓo zuwa bakin titi. In an isa asibiti, ma'aikaciya ta ja fatar idonsa ƙasa ta ga ta yi fari fat, ta ce sai an ƙara jini. Sai neman wanda jininsa ya zo ɗaya, sai neman kuɗin leda. Wasu suna tashi. Wasu kuma kafin la'asar an dawo da su naɗe a zane, maƙwabta na shigowa suna cewa Allah ya sa mai ceto ne.

Damina ta wuce, sai na rani ya karɓa. A watan Maris na 2025 gwamnatin jihar Kabi ta tabbatar da mutuwar mutum 26 sakamakon sanƙarau, 15 daga cikinsu a ƙaramar hukumar Gwandu, sauran a Jega da Aliero da Argungu. Sai da aka rufe jami'ar jiha da ke Aliero na ɗan lokaci, likitocin ƙungiyar MSF kuma suka shigo suka taimaka. Sanƙarau yana son ƙurar hunturu da zafin bazara da ɗakin da aka cunkushe babu taga. Wanda ya tsira ma wani lokaci yakan tashi ba ya ji. Ga baƙon dauro, ga gudawa, ga tamowa wadda ke raunana yaro har ƙaramin ciwo ya kayar da shi.

Yanzu mu yi lissafi irin na uwa. Tana son ta tsufa da 'ya'ya biyar a raye, waɗanda za su yi noma, su yi aure, su riƙe ta, tunda ba fansho gare ta ba. In ɗaya cikin huɗu zai tafi, sai ta haifi bakwai kafin biyar su tsaya. Kuma tunda ba ta san ko rabonta zai fi na maƙwabciya muni ba, gara ta ƙara. Manomin gero da ya san tsuntsu da fari da tsutsa za su ɗauki nasu ba ya jefa ƙwaya ɗaya a rami. Babu wanda ya zaunar da ita ya koya mata wannan lissafi, kuma ba a alƙalami take yinsa ba. Abin da ta gani a ɗakin uwarta da na kishiyar uwarta ne ya zauna mata.

Kusan duk ƙasar da haihuwa ta sauka, abin da ya fara sauka shi ne mutuwar yara. Sai an shekara goma ko ashirin iyaye suna ganin abin da suka haifa yana rayuwa, sannan zuciya ta yarda. Shi ya sa nake ganin wanda ya zo ƙauyenmu da maganar rage haihuwa, alhali ɗakin shan maganin garin babu maganin zazzaɓi, ya fara gini daga rufi. Mutane za su saurare shi don ladabi, su raka shi bakin mota.

Akwai abin da ya fara motsi. A ranar 2 ga Disamba 2024 aka soma allurar rigakafin maleriya a Najeriya, kuma Kabi da Bayelsa aka zaɓa don farawa. Sau huɗu ake yin ta: a wata biyar, da shida, da bakwai, sai ta ƙarfafawa a wata goma sha biyar. Ba ta hana cutar ɗungurungum, tana dai rage ta, don haka ba a ajiye gidan sauro, ba a kuma kori masu bi gida-gida da damina suna ba yara maganin kariya wata-wata. Ta huɗun nan ita ce ake yawan mantawa, don lokacin yaro ya fara tafiya, uwa ta ga kamar an wuce wurin. A matakin ƙasa, mutuwar 'yan ƙasa da shekara biyar ta sauko daga 132 zuwa 110 a binciken baya-bayan nan, a daidai lokacin da haihuwa ta sauko daga 5.3 zuwa 4.8. Tare suke tafiya.

Zargin yana da tushe, amma a duba sakamako

Ba haka kawai mutanenmu suka tashi da zargi ba. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Kano, a gwajin da ya ƙunshi yara 200. Goma sha ɗaya suka mutu, wasu suka nakasa, aka yi ta shari'a har sai 2009 kamfanin ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Da aka zo 2003 aka ce ɗigon shan inna yana hana haihuwa, an tarar da zukata a shirye. Kano ta dakatar da rigakafin kusan shekara guda, cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Sai da sarakuna, ƙarƙashin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, suka sa baki sosai kafin abin ya daidaita, aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da shan inna na daji a watan Agusta 2020.

To amma ga abin dubawa. Yaran da aka ɗiga wa maganin nan a 2004 da 2005 su ne iyayen yau. Bayan shekaru ana ɗigawa ƙofa-ƙofa, binciken 2018 ya tarar da matan Arewa maso Yamma suna kan 6.6. In da maganin hana haihuwa ne, to lallai ba a taɓa yin jabu irinsa ba.

Ita kuwa tazara tsakanin haihuwa, kakanninmu sun riga asibiti saninta. Macen da ta yi kwanika, wato ta ɗauki ciki tana goyo, sai ta sha gori a wurin tsofaffi, mijinta ma bai tsira ba. Ana tura mai jego gidan iyayenta ta yi wanka ta huta. Ana shayarwa kusan shekara biyu kafin yaye, kamar yadda addini ya kwaɗaitar. Abin da likitoci ke cewa yau, a bar aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani cikin, bai yi nisa da wannan ba. Majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta rarrabe abu biyu: bai halatta gwamnati ta kafa dokar ƙayyade wa mutane yawan 'ya'ya ba, amma miji da mata suna iya yin tazara ta wani lokaci bisa shawara da yardar juna in akwai buƙata. Dalilin buƙatar kuwa a fili yake. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2023 ta nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen ciki da haihuwa a duk duniya 'yan Najeriya ne. Wanda ya taɓa leƙa cibiyar masu yoyon fitsari ta Gesse a Birnin Kabi ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Haihuwar guzuma, ɗa kwance uwa kwance, ba ita ce albarkar da ake roƙo ba.

Haihuwa ba ta jin doka

Gwamnatoci sun gwada ta ko'ina. Sin ta kafa dokar ɗa ɗaya wajen 1980, da tara da tilas. Da ta ga an yi ɓarna ta ce a haifi biyu a 2016, ta ce uku a 2021, mutane suka yi kunnen uwar shegu. Hangare ta yafe wa duk macen da ta haifi huɗu harajin albashi har ƙarshen rayuwarta. Adadin ya ɗan ɗaga, ya sake komawa. Koriya ta Kudu ta zuba kuɗin da ba su ƙirguwa, abin da ta samu a 2024 shi ne 0.75. Matasansu suna cewa haya ta yi tsada, makarantar yaro ta yi tsada, aiki ba ya barin mutum ya ga gida. Kuɗin goron da gwamnati ke bayarwa bai taka kara ya karya ba.

Wannan ita ce amsar tambayar farko. Turawa suna biyan matansu, gaskiya ne, amma biyan bai yi aiki ba. Ana aiko mana da ƙwayoyi, gaskiya ne, amma ba su ne suka saukar da haihuwa a Legas ko Ribas ba, can mutane ne suka nema da kansu bayan rayuwarsu ta canja. Ko a Birnin Kabi, ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 75,000 da gwamna Nasir Idris ya amince da shi a 2024, yana biyan haya, yana biyan kuɗin makaranta, yana sayen fetur tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023, yakan ce bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci, kuma da gaske yake faɗa. Amma da matarsa ta ce za ta je a sa mata robar hannu, ba ya hanawa.

Suna korar baƙi, suna neman baƙi

Ƙasar da tsofaffi suka fi jarirai tana buƙatar wanda zai juya tsoho a gado, ya tsinki tumatir, ya biya harajin da za a ba wasu fansho. Su waye ke da matasa? Mu ne. Sai dai masu jefa ƙuri'a a can ba sa son ganin baƙuwar fuska, don haka ɗan siyasa yakan yi magana biyu. Firaministar Italiya Giorgia Meloni ta hau mulki a 2022 da alkawarin tare jiragen ruwan 'yan ci-rani, sannan gwamnatinta ta amince da izinin aiki 452,000 ga baƙi na 2023 zuwa 2025, ta ƙara kusan rabin miliyan na shekaru uku masu biye. Birtaniya ta kwashi dubban 'yan Najeriya masu kula da tsofaffi, a watan Maris 2024 ta ce kada su ƙara zuwa da iyali, a 2025 ta rufe hanyar ɗauko sababbi. A can ma suna da nasu masu yaɗa cewa wai an shirya maye gurbinsu da baƙi Musulmi. Mu muna tsoron ana so a rage mu, su suna tsoron za mu rinjaye su, kuma kowane ɓangare akwai mai cin ƙuri'a da wannan tsoro.

Mutumin Gwandu bai kamata a koya masa ƙaura ba. Garin nan masu hijira ne suka ɗaukaka shi. Shehu Usmanu ya bar Degel zuwa Gudu a 1804, jama'a ta zo ta zauna a Gwandu a 1805, nan kuma ƙanensa Malam Abdullahi ya kafu har kabarinsa. Fataken goro sun bi ta ƙasar nan zuwa Gwanja, jikokinsu na zangon Kumasi da Ankara. Mun kuma ɗanɗani kora, mun yi wa wasu. Gana ta kori baƙi a 1969, Hausawa da yawa suka dawo da abin da kai zai iya ɗauka. Najeriya ta kori nata a 1983, zamanin Shagari, har jakar nan mai ratsi ta samo sunanta daga wannan kora.

Ƙaurarmu ta yau galibi ba ta jirgin sama ba ce. Da an gama girbi, samari sukan cika motoci zuwa Legas da Ibadan da Fatakwal da Abuja, su yi acaɓa, su yi ga-ruwa, su yi gadi, su yi yankan farce, su turo wa gida ta mai POS. A can su ne baƙin da ake zargi. Da Legas ta hana acaɓa a wasu ƙananan hukumominta a 2022, gidaje da yawa a nan sun ji a tukunyarsu. Kisan da aka yi wa mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo a watan Maris 2025 ya nuna iyakar inda zargi ke kaiwa. Ta ɗaya gefen kuma mu ne masu masauki: Zabarmawa da Dandawa da Arawa suna da dangi hagu da dama na iyaka, kuma duk lokacin da aka rufe iyakar Kamba, kamar a 2019 da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, zumunci da kasuwa ne ke fara jigata.

Ƙaurar da ta fi yi mana illa ita ce wadda ba ta da yawa. Ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya ce likitoci wajen 16,000 sun bar Najeriya cikin 'yan shekaru, waɗanda suka rage kuma ba su wuce 55,000 ba, mafi yawansu a manyan birane. Tafiyar mataki-mataki ce: daga asibitin ƙauye zuwa na Birnin Kabi, daga aikin jiha zuwa na tarayya, daga nan sai Saudiyya ko Ingila. Kalgo na da babbar cibiyar lafiya ta jiha, ga jami'ar tarayya da aka kafa a 2013 a kan hanyarta, amma gini ba ya duba mara lafiya. Ban ga laifin wanda ya tafi ba, shi ma iyali gare shi. Abin da ke damuna shi ne yadda zancen ya zagayo: ƙasar da ta daina haihuwa ta ɗauke ma'aikaciyar jinyar da za ta ja fatar idon yaron nan ta gane yana buƙatar jini, yaron ya tafi, uwarsa ta sake haihuwa don cike gurbi, sannan a zo a ce mata ta cika haihuwa. A kan haka kuma Amurka ta dakatar da mafi yawan tallafinta na waje a watan Janairu 2025, ta rushe hukumar USAID wadda ke sayen gidajen sauro da magunguna da yawa. Majalisar tarayya ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya don toshe giɓin. Wannan ya nuna ashe da ma ana iyawa.

Mu nawa ne?

Babu wanda ya sani. Ƙidayar ƙarshe an yi ta a 2006, ta ce Najeriya miliyan 140 ce, Kabi miliyan 3.2 da ɗoriya, ƙaramar hukumar Gwandu kimanin 151,000, Kalgo kimanin 85,000. Jaririn da aka ƙirga a goye a lokacin yau yana da katin zaɓe. An sa ranar sabuwar ƙidaya a watan Mayun 2023, aka ɗage ana saura kwanaki. Duk wani adadi da ka ji tun daga nan kintace ne.

Dalilin jan ƙafar kowa ya san shi. Da yawan jama'a ake raba kujerun majalisa da wani kaso na kuɗin tarayya. Ƙidayar 1962 an soke ta aka sake a 1963, ta 1973 Murtala ya jefar da ita, ta 2006 kuma har yau Legas ba ta yarda Kano ta fi ta ba. Ko rigimar harajin VAT da gwamnonin Arewa suka yi da gwamnatin Tinubu a ƙarshen 2024, wani ɓangarenta a kan nauyin da za a ba yawan jama'a ne wajen rabo. To ɗan siyasar da ke ƙirga mu don kaso da ƙuri'a, ya kamata a tambaye shi ɗaya lissafin in ya zo yawon neman zaɓe: cikin yaran da aka haifa a mazaɓarsa shekara biyar da suka wuce, nawa ke raye, kuma ungozoma ƙwararriya nawa ke kwana a asibitocin ƙauyukanta? Majalisar Ɗinkin Duniya na hasashen za mu haura miliyan 350 nan da 2050, lokacin da ƙasashe da yawa za su riƙa neman matasa ido rufe. Wanda ke da sana'a da takarda za a aiko masa da biza. Wanda ba shi da su, hanyar Agadas ce da hamada.

Akwai abu guda da zan taɓa sama-sama kawai da gangan, don ya fi ƙarfin sakin layi ɗaya. A binciken 2018, macen da ba ta yi boko ba tana haihuwar 6.7, wadda ta wuce sakandare 3.4, kuma 'ya'yan ta biyun sun fi rayuwa nesa ba kusa ba. Me 'yan shekarun aji ke canjawa a rayuwar yarinya har ya kai ga ran ɗanta, kuma yaya uba zai saki 'yarsa ta tafi makarantar kwana bayan sace ɗalibai da aka yi a Birnin Yauri a 2021? Wannan shi ne zancen babi na shida. Kafin mu je can, mai karatu, in akwai yaro ɗan ƙasa da shekara biyu a gidanku, a ɗauko katinsa na rigakafi a duba ko allurar wata goma sha biyar ta samu.